RA'AYINMU: KALMOMIN SUKA NA TURANCI DA YADDA SUKE SHIGOWA GIDAJENMU

Muna son mu ja hankalin 'yan uwa masu karatu a wannan wata zuwa ga wani al'amari wanda da yawa za su ɗauka aikin malaman makarantar boko ne kawai, alhali kuwa ya daɗe yana haddasa gaba tsakanin mutanen da babu abin da ya raba su face saɓanin ra'ayi. Al'amarin shi ne kalmomin da harshen Turanci yake amfani da su wajen siffanta suka mai tsanani, da yadda waɗannan kalmomi suke tasowa daga kanun jaridun Ikko da Abuja, su bi ta bakin mai fassara, su faɗo cikin kunnen Bahaushe da wani nauyi dabam da wanda suka baro gida da shi.

Duk mai bin labarai ya san yadda abin yake tafiya. Wani malami ko wani dattijo zai tsaya a gaban jama'a ya ce hukuma ta yi sakaci wajen gyaran asibiti, ko kuwa kuɗin makaranta ya fi ƙarfin talaka. Ya faɗi maganarsa cikin natsuwa, har ya rufe da addu'a ga shugabanni. Kashegari jaridar Turanci ta buga a kanunta cewa malam wane "slams" gwamna, ko "blasts", ko "flays". Kafin azahar mai fassara ya mayar da ita "malam wane ya caccaki gwamna". Kafin magariba ta zagaya wayoyi da majalisun masu shayi, ta koma "malam ya zagi gwamna". Zuwa ranar Juma'a magoya bayan gwamna sun ɗaura ɗamara, almajiran malam su ma sun ɗaura tasu, kuma cikinsu duka da ƙyar za a sami wanda ya ji ainihin abin da aka faɗa da kunnensa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to wannan bunun ma ba mai maganar ne ya zare shi ba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne dalilin da ya sa jaridun Turanci suke son waɗannan kalmomi. Kalmar da ke nufin "ya yi suka" a Turanci, wato "criticises", baƙaƙenta goma ne. "Slams" kuwa biyar ne, "raps" huɗu. Shi mai tsara kanun labari fili ne yake da shi ɗan ƙarami wanda tilas ya cika shi da manyan baƙaƙe, saboda haka gajeriyar kalma yake nema, kuma in ta zo da ƙara da amo wanda zai tsayar da mai wucewa ya sayi jarida, to riba biyu ke nan. Asalin "slam" buga ƙofa ne da ƙarfi. "Blast" fashewar nakiya ce. "Lash" tsula bulala ne, "flay" kuwa feɗe fatar dabba. Mai karatun da ya tashi cikin Turanci ya saba da su har sun dushe a kunnensa, yana rage musu nauyi da kansa kamar yadda mai sayen sa a kara ya san kuɗin da dillali ya fara yankawa ba shi ne kuɗin san ba. Amma da zarar an juya kalmar zuwa Hausa sai ta sake yin kaifi, domin a wurinmu caccaka caccaka ce, har yanzu mai ji yana ganin tsinken da ake sokawa.

Ita kanta kalmar "criticism" ba da faɗa ta fara ba. Daga Girkanci ta fito, daga wani tushe mai nufin rarrabewa da yanke hukunci, kuma masana asalin kalmomi suna danganta shi da tankaɗe, irin na gari da rariya. Ɗalibanmu na Larabci za su tuna cewa "naƙadi" ma haka yake, domin asalinsa aikin mai canjin kuɗi ne da yake duba dirhami ya ware na ƙwarai daga jabu. Saboda haka idan Bature ya ce "literary criticism", nazarin adabi yake nufi, wanda yana iya ƙarewa da yabo zalla. Mun sha ganin ɗalibi ya fassara wannan da "sukar adabi", mai sauraro kuwa ya ɗauka an zauna ne domin a ci mutuncin marubuci.

To, da yake kalmar ta asali ba ta da zafi, sai Turawa suka riƙa aro daga wuta da guba da mahauta domin su nuna cewa sukar ta kai maƙura. "Scathing", wadda ita ce aka fi ji, ta zo musu ne daga harshen mayaƙan ruwa na arewacin Turai waɗanda suka riƙa kai wa Ingila hari fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma ma'anarta cutarwa, daga baya ta ɗauki ma'anar babbaka. "Blistering" ita ce wadda take tayar da bororo a fata. "Withering" ita ce wadda take sa ganye yaushi. "Caustic" daga kalmar Girkanci mai nufin ƙuna take, kuma sunan sodar nan ce da mata suke dafa sabulu da ita, wadda kowa ya san abin da take yi wa hannu. "Excoriate" daga Latin take, cire fata daga jiki. "Sarcasm", wadda muke iya cewa gatse ko ba'a mai ciwo, asalinta a Girkanci yagar nama ne irin na kare. "Lambast" kalmomi biyu ne aka haɗa, kowacce kuwa duka take nufi. Guda ɗaya ce a cikin jerin muka ga tana ɗauke da niyyar gyara a asalinta, wato "castigate", wadda ta fito daga kalmar Latin mai nufin tsarki, kamar a ce horon da ake yi wa mutum domin a tsarkake shi.

Akwai ɗaya da ta cancanci a daɗe a kanta, ita ce "vitriol" da siffarta "vitriolic". Tsohon suna ne na abin da mu muke kira ruwan batir. An ba shi sunan ne daga kalmar Latin ta gilashi, saboda gishirin da ake tatso shi daga gare shi yana ƙyalli kamar ƙarau. A ƙarni na 19 watsa wa mutum wannan ruwa a fuska ya zama sanannen laifi a Ingila da Faransa, har aka yi masa suna na kansa. Mai watsa ruwan batir ba kisa yake nema ba, so yake wanda ya watsa wa ya rayu da fuskar da ba zai iya fita da ita cikin mutane ba. Saboda haka idan Bature ya kira magana "vitriolic", yana cewa ne mai maganar ya bar batun da ake gardama a kansa ya koma neman ɓata mutum ɓaci na har abada. A nan ne kuma muke isa ga abin da ya fi kowane muhimmanci a cikin wannan sharhi.

Kalmomin nan gida biyu ne, ko da yake ƙamus yakan jera su wuri ɗaya kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Gida na farko yabon mai suka yake yi. Idan aka ce sukarsa "trenchant" ce ko "incisive", kalmomin da dukkansu daga yanka suka fito, ana nufin ya sa wuƙa a gaɓa. Idan aka ce "scathing" ko "searing" ko "devastating", galibi ana nufin ya yi zafi amma yana da hujja, kuma wanda aka soka ne yake cikin kunya. Gida na biyu kuwa mai sukar yake kayarwa. "Rant" sambatu ne, daga harshen mutanen Holan aka aro ta, kuma a wajajen 1650 an laƙaba ta ga wata ƙungiyar addini a Ingila domin a nuna mabiyanta ba su cikin hayyacinsu. "Tirade" doguwar masifa ce wadda ba ta da birki. "Diatribe" da "harangue" da "screed" duk suna nuna mutum ya cika mutane da surutu mai ɗaci. "Outburst" kuwa ɓarin baki ne na wanda zuciya ta ɗebe shi.

Sai mai karatu ya lura da abin da wannan yake nufi. Jawabi ɗaya, daga bakin mutum ɗaya, a rana ɗaya, wata jarida za ta kira shi "searing indictment", wato tuhuma mai ƙuna wadda ba ta da amsa, wata kuma ta kira shi "rant". Ba wadda ta canza ko kalma ɗaya daga abin da mutumin ya faɗa, amma kowacce ta riga ta yanke hukunci tun kafin mai karatu ya kai layi na biyu, kuma ta yi shi ne a cikin rigar ba da labari. Haka kalmar "firebrand" take, wadda asalinta bakin wuta ne, itacen da aka zaro daga murhu yana ci. Jaridun Turanci suna yawan liƙa ta ga masu wa'azi da shugabannin ƙwadago da 'yan siyasar hamayya. Wanda aka liƙa wa ita sau ɗaya, duk abin da ya faɗa bayan nan, ko da lissafin kasafin kuɗi ne ya karanto, a matsayin hura wuta za a karanta shi. Mun ga matasa suna murna idan an kira malaminsu da wannan suna, suna zaton kirari ne irin na jarumi. Wani lokaci yana iya zama haka, amma sau da yawa mai rubutun cewa yake yi kada a ɗauki mutumin nan da muhimmanci, ko kuwa a sa masa ido.

Wasu kalmomin kuma tarihi ne sukutum a dunƙule. "Philippic" tana nufin jawabin suka mai tsanani a kan mai mulki, kuma daga sunan Filib sarkin Makidoniya aka samo ta, mahaifin Iskandar. Wani mai fasahar magana na birnin Atina, Demostenis, shi ne ya tashi wajajen shekara ta 351 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, yana gargaɗin mutanen garinsu cewa Filib zai haɗiye su in ba su farka ba. Sun yi jinkiri, Filib kuwa ya ci su da yaƙi a shekara ta 338. Bayan kusan shekara 300 sai wani ɗan majalisar Rum, Sisero, ya aro sunan ya sa wa jawabai 14 da ya yi a kan Mak Antoni a shekara ta 44 da ta 43. Da Antoni ya sami iko sai ya sa aka kashe shi, aka kafe kansa da hannunsa a kan dandamalin da yake hawa yana jawabi. "Jeremiad" kuwa daga sunan Irmiya take, wanda littattafan Yahudu da Nasara suka ambata da gargaɗin mutanen Ƙudus kafin a rushe birnin. Abin lura shi ne Turawan yau idan sun kira rubutu da wannan suna, yawanci ba'a suke yi, wato kukan tsoho ne mai cewa duniya ta lalace. Sunan mai gargaɗin da maganarsa ta tabbata shi ne ya zama abin yi wa masu gargaɗi dariya.

Sai "pillory". A yau idan an ce an yi wa mutum haka, ana nufin an yi masa taron dangi da suka a bainar jama'a. A da kuwa wani katako ne mai ramuka uku, irin turu, da ake sa wuyan mai laifi da hannuwansa a tsakiyar kasuwa, jama'a su yi ta jifarsa da ruɓaɓɓen abinci da duwatsu. A 1703 an sa marubucin nan Daniel Defoe a cikinsa har kwana uku, shi ne wanda daga baya ya rubuta Robinson Crusoe da ɗaliban da suka yi makarantar da suka sani. Laifinsa wata ƙasida ce da ya rubuta cikin gatse, inda ya kwaikwayi muryar masu tsananin ra'ayi na cocin gwamnati yana kira a murƙushe waɗanda suka saɓa musu. Wasunsu sun ɗauka da gaske yake har suka yaba, da suka gane da su ake sai suka fusata. Ingila ba ta soke wannan horo gaba ɗaya ba sai 1837. Katakon ya tafi, amma duk wanda ya ga yadda ake yi wa mutum rubdugu a Facebook ya san kasuwar tana nan tana ci.

Akwai kuma wani ɓangare da yake ruɗa mai fassara ta ɗaya fuskar. Bature, musamman na Ingila, sau da yawa idan ya kai matuƙa wajen suka sai ya sassauta murya. A majalisarsu ta wakilai doka ta hana ɗan majalisa ya kira ɗan uwansa maƙaryaci, har a watan Yuli na 2021 aka fitar da wata 'yar majalisa, Dawn Butler, daga zauren saboda ta faɗi haka a kan Firayim Minista Boris Johnson ta kuma ƙi janyewa. Wannan ƙa'ida ta koya musu yanka ba tare da ɗaga murya ba. Misalin da ba a mantawa da shi shi ne na Geoffrey Howe, mutum mai sanyin magana, wanda a 1978 wani abokin hamayyarsa, Denis Healey, ya kwatanta harinsa da cizon mushen tunkiya. A ranar 13 ga Nuwamba 1990 wannan mutum ya miƙe a majalisa ya bayyana dalilin da ya sa ya ajiye muƙaminsa na mataimakin Margaret Thatcher. Bai yi zagi ba, bai yi tsawa ba, misalinsa mafi zafi ma daga wasan kurket ya ɗauko shi. Kwana tara bayan haka Thatcher ta ba da sanarwar sauka daga mulkin da ta riƙe shekara 11. Jaridu sun kira jawabin "devastating". Da a ce mai fassara ya bi lafazinsa kalma bayan kalma, da mai sauraro ya ce ai wannan bai faɗi kome ba.

Irin wannan tsani ne ake hawa a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kwamitin Sulhu yana iya cewa ya "expresses concern", ko ya "regrets", ko ya "deplores", ko ya "condemns", ko ya "strongly condemns", kuma jakadu sukan kwana suna ja-in-ja a kan wace za a sa, domin kowane mataki yana da abin da yake biyo bayansa. Mu kuwa a labaranmu na Hausa galibi duka buhu ɗaya ake zuba su, a ce "ya yi Allah wadai". Ta haka sai mai sauraro ya ɗauka duniya ta tsaya wa wanda aka zalunta tsayin daka, alhali abin da aka rubuta bai wuce "mun damu" ba, wanda a harshen jakadanci ma'anarsa kusan ita ce ba za a yi kome ba.

Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga almajiran ilmi ba. Malaman hadisi sun riga kowa tsara lafuzzan suka daraja daraja a fannin jarhi da ta'adili, tun daga Ibnu Abi Hatim har zuwa Ibnu Hajar wanda ya kasa maruwaita mataki 12. Sananne ne kuma a wurin masana fannin cewa Imamul Bukhari mutum ne mai taushin lafazi, har idan ya ce akwai abin dubawa game da wani mai ruwaya, ko ya ce an yi shiru a kansa, to sau da yawa suka ce mai tsanani yake nufi. Wanda bai san ma'aunin Bukhari ba sai ya karɓi abin da Bukhari ya watsar. In har mun yarda ba a karanta littattafan maruwaita sai an san ma'aunin kowane malami, to don me za mu karanta jaridar wani harshe mu gina ƙiyayya ko soyayya a kanta ba tare da mun san nata ma'aunin ba?

Kada kuma a manta cewa a ƙasar nan Turanci shi ne harshen doka, kuma akwai wurin da kalma take daina zama ado ta zama sarƙa. "Defamation" ɓata suna ne, in a rubuce ne a ce "libel", in da baki ne a ce "slander". "Sedition" kuwa tunzura jama'a ne a kan hukuma, kuma Turawan mulki ne suka kawo mana ita domin su rufe bakin masu neman 'yanci. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta Inugu ta soke hukuncin da aka yi wa mawallafi Arthur Nwankwo saboda littafin da ya rubuta yana sukar mulkin gwamna Jim Nwobodo na Anambra, ta ce irin wannan doka ba ta dace da tsarin mulkin mutane masu 'yanci ba. Shekara guda bayan haka gwamnatin soja ta kafa Doka ta 4 ta 1984, wadda ta haramta buga abin da zai jawo wa hukuma ba'a ko zubar da ƙima, kuma da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara ɗaya ɗaya. An soke ta a 1985. A zamanin nan kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya zo da kalmomi masu faɗi irin su "insult" da "annoyance", aka yi ta kama 'yan jarida da matasa da su, har sai da aka gyara sashen a 2024. Ita kuwa Ingila da ta kawo mana "sedition" ta shafe ta daga dokokinta tun 2009. Abin da muke son ɗan uwa ya fahimta shi ne, idan kanun labari ya ɗauki maganar gyara ya kira ta hari, to ya share wa mai neman kama mutum rabin hanya.

Hausa ba matalauciya ba ce a wannan fage, balle a ce rashin kalma ne ya sa ake cusa kome cikin "caccaka". Muna da nasiha da jan kunne da tsokaci da ƙorafi. Muna da zargi, wanda bai kai tuhuma ba. Muna da suka da kushe, kuma kowa ya san mai kushe ba gyara yake nema ba. Muna da habaici da shaguɓe da gugar zana ga wanda ba ya son kama suna, muna da zambo na maroƙa, muna da wankin babban bargo da tonon silili, sa'an nan can ƙasa akwai zagi da cin mutunci da yarfe da ƙazafi. Tsaninmu ya fi na kanun jaridun Turanci yawan matakai. Mai fassarar da ya ga "slams" ba abin da zai hana shi ya karanta labarin har ƙarshe ya ga abin da mutumin ya faɗa, sa'an nan ya zaɓi matakin da ya dace: ya koka, ya yi ƙorafi, ya ja hankali, ya nuna rashin amincewa, ya musanta. Abin da yake hana shi gaggawa ce, da kuma sanin cewa "ya caccaki" ta fi jawo masu karatu. Mun san matsin da ma'aikatan labarai suke ciki, albashi kaɗan aiki da yawa, amma wannan uzuri ba ya mayar da zumuncin da kalma ɗaya ta tsinka.

Ba za mu kuma wanke kanmu ba. Shafukan irin namu ma sun sha faɗawa wannan rami, kuma akwai matasa masu rubutu a cikinmu da suka ɗauka zafin lafazi shi ne alamar tsayuwa a kan gaskiya. Suna karanta maƙalun Turanci masu yaji, su ga ana yaba marubuci da cewa alƙalaminsa "caustic" ne, sai su ɗauko sodar su baro hujjar. Sun manta cewa Baturen da ya ƙirƙiro kalmomin shi da kansa ya ware "trenchant" daga "vitriolic", kuma malamanmu sun riga shi, domin Ibnu Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan hijira, littafi guda ya rubuta a kan bambancin nasiha da aibatawa. Ba muna cewa a daina tsananta magana ba ne inda ta cancanci tsanani. Wanda ya sace kuɗin maganin marasa lafiya ba a lallaɓa shi, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Amma tsananin ya zauna a kan aikin da aka yi da shaidar da aka kawo, a bar asalin mutum da kamanninsa da iyalinsa.

Saboda haka, daga wannan fitowa, duk labarin da muka ɗauko daga jaridar Turanci ba za mu fassara kanunsa ba, za mu karanta cikinsa mu yi masa namu kanun. Inda muka ce wani ya soki wani, za mu kawo lafazin da ya faɗa gwargwadon yadda fili ya ba mu dama, domin mai karatu ya auna da kansa. Kalmar "caccaka" ba za ta fito a shafukanmu ba sai inda aka yi caccakar da gaske. Masu aiko mana da maƙala kuma su sani cewa wadda ta zo da siffofi da yawa a kan mutum da hujja kaɗan a kan aikinsa za mu mayar wa mai ita ya sake dubawa, kuma wanda ya fassaro mana wani abu daga Turanci, muna roƙon ya haɗo da asalin rubutun a cikin wasiƙarsa.